Yadda Ake Tafiyar Jakar Goyo Daga Nima Zuwa Busua

A Nima da Mamobi, unguwannin zango na Accra, yawancinmu rana ɗaya muka san teku a shekara, washegarin salla. A cika motoci a nufi bakin tekun Labadi ko Bojo, a sha cunkoso da kiɗa, a dawo gida kafin isha da yashi a aljihu. Alhali gaɓar tekun Gana ta haura kilomita 500, tun daga Aflao har kan iyakar yamma, kuma mutane suna biyan kuɗin jirgi daga Jamus da Amurka su zo su kwana a ƙauyukan da mu ko sunansu ba mu riƙe ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun tako daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, watanni suna kan hanya, kuma unguwannin da muke ciki sunansu zango saboda wurin sauke kayan ayari ne. Tafiya da jaka a baya fatauci ne wanda babu haja, tsarinsa kuwa mun gada.

Mu biyar muka yi wannan tafiya, kwana biyar, daga Accra zuwa Busua, wani ƙaramin garin bakin teku a yammacin Gana, muka bi ta Cape Coast. Ga yadda ake yinta.

Ka fara haɗa ayari

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. In kun gaza haka, kuɗin ɗaki da na tasi zai yi muku nauyi. In kun haura, za ku ƙare da jiran juna a kowace tasha. Kada ka zaɓi abokan tafiya don sun iya hira a majalisar shayi. Ka duba wanda ke cika alkawarin lokaci, wanda yunwa ba ta sauya masa hali, wanda in an ce masa bari zai bari. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kowanne, za ka ga dalili in mun iso bakin ruwa.

Daga nan ku raba muƙamai kamar yadda ayari ke yi. Madugu shi ne mai yanke magana in an yi saɓani, kuma tun a gida kowa zai amsa cewa ya yarda da hukuncinsa. Jagaba shi ne mai sanin hanya, mai tambayar tasha, mai kiran masauki, mai ciniki da direba. Ma'aji yana riƙe kuɗi da littafi. Sai liman, wanda ke lura da lokutan salla. Mutum ɗaya kada ya haɗa madugu da ma'aji.

Kowa ya sallami iyayensa da bakinsa. Ka zauna ka gaya wa Mma da Baba inda za ka, da wa da wa, yaushe za ka dawo, ka bar musu lambar mutum biyu daga cikin ayarin. Da na gaya wa tawa mahaifiyar, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ka ji ko?" Ta sa mini albarka, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda. In 'yan'uwa mata ne ke son yin tafiyar, duk abin da ke nan ya shafe su, sai dai su tafi da yayansu ko wani muharrami, su kuma kama ɗakinsu daban tun kafin a tashi.

Lokaci

Babbar damina a kudu tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne tsakiyarta, kuma yankin yamma ya fi Accra ruwa nesa ba kusa ba. Ƙaramar damina tana zuwa wajen Satumba zuwa Nuwamba. Mafi daɗin tafiya daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Maris. Sai dai ku kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun 6 ga Maris, da Ista, domin ɗakuna suna cika, farashi ya tashi. Ku tashi ranar Litinin ko Talata ku dawo Asabar da safe. A tsakiyar mako garin na masu garin ne, kuma mai masauki ya fi sauraron ragi.

Asusu guda

Ba zan faɗi adadin sidi ba, don farashin mota da na ɗaki ba sa zama wuri ɗaya. Jagaba ya je tashar motar Kaneshie da ƙafarsa ya tambayi kuɗin mota na wannan makon, ya kira masauki biyu ko uku, ku lissafa. Abin da ya fito ku ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar don abin da ba a zata ba. Ku fara zubi wata biyu kafin tafiya, kowane mako, kamar adashe, a hannun ma'aji.

Ranar da kuɗi suka cika a raba su uku. Kashin farko na mota da masauki. Na biyu na ci da sha da kuɗin shiga wurare. Na uku kuɗin komawa gida ne da na asibiti, a sa shi a ambulan a liƙe a ba madugu, ba mai taɓa shi ko da kifi ya yi arha. Rabin kuɗin ku bar shi a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, rabin ku riƙe tsaba da canji ƙanana, don a ƙauyen bakin teku sabis yakan ɗauke, mai sayar da kwakwa kuma ba shi da canjin takardar ɗari biyu. Takoradi ce wurin ƙarshe da za ku cire kuɗi cikin kwanciyar hankali.

Kowane dare bayan isha ma'aji ya karanto abin da aka kashe, kowa yana ji. Minti biyar ne. Abota da yawa ta mutu a kan kuɗin da ba a rubuta ba, wanda aka ce "bari sai mun koma".

Abin da ke shiga jaka

Jakar goyo mai maɗauri a ƙugu ake nema, don nauyin ya sauka a kwankwaso, kafaɗa ta huta. A gwanjon Kantamanto ana samun masu ƙwari. Ka ja kowane zif sau uku, ka duba ɗinkin inda hannun ya haɗu da jikin jakar, nan ne take fara yagewa. In ka gama shiryawa ka goya ta ka zaga unguwa na rabin awa. Duk abin da ya sa ka tsaya hutawa, ka koma ka rage. A ganina kilo takwas ya ishi kwana biyar.

Riga uku marasa nauyi, wando biyu, jallabiya ɗaya ta salla wadda ba ta zuwa bakin ruwa, da wandon wanka da ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, mai igiya a ƙugu, don igiyar ruwa tana tuɓe mai roba. Silifas, da takalmi rufaffe ɗaya na hawan dutse. Siririyar darduma, ƙaramar buta, soso da sabulu, tawul, hula mai baki, man kaɗanya. Gidan sauro naka na kanka da 'yar igiyar rataya shi. Tocila, fawa bank, da leda mai zif ta saka waya. Katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da katin inshorar lafiya su ma a leda. Kafin ka zuba komai, ka shimfiɗa babbar baƙar leda a cikin jakar, kayan su shiga cikinta. Mai nauyi ya jingina da bayanka, abin da za ka nema a hanya ya zauna a sama.

Kayan tarayya kuma a raba su. Wani ya ɗauki magani: farasitamol, gishirin zawo, filasta, auduga, maganin wanke ciwo. Wani ya ɗauki guzuri: gari, sukari, madarar gari, gyaɗa, dabino, kwalbar shito, wato soyayyen yaji, da aka naɗe da leda biyu. Wani ya ɗauki butar ataya da ƙananan kofuna da ganyen shayi. Kada ku raina wannan butar. Ita ta buɗe mana bakin mutane fiye da kuɗi.

Rana ta farko: Kaneshie zuwa Cape Coast

Ku yi asuba a masallacin unguwa da jakunkunanku, ku wuce Kaneshie kai tsaye. Dalilin sammakon shi ne Kasoa. In rana ta same ku tsakanin Mallam da Kasoa, za ku ƙone awa guda ko fiye a wuri ɗaya. Sunayen nan biyu ma namu ne, malam da kasuwa, harshen maƙwabta ne ya tanƙwara su. Ku shiga motar da ta kusa cika, ku dubi tayoyinta kafin ku biya. Jaka ta zauna a cinya ko ƙarƙashin ƙafa. In dole sai but, ku tsaya ku ga an sa ta, ku daidaita kuɗin kaya da yaron mota tun kafin a rufe.

Cape Coast kimanin kilomita 150 ce daga Accra, awa uku zuwa huɗu gwargwadon hanya. Za ku wuce mararrabar Winneba, Mankessim mai babbar kasuwa, Saltpond inda aka kafa jam'iyyar neman 'yancin kai ta UGCC a 1947, sai Anomabo, inda teku ke bayyana ta hagu da itatuwan kwakwa. A Yamoransa za ku ga dokunun Fante jere a kan tebura, naɗe da busasshen ganyen ayaba. Ku sayi na dare, ku riƙe wurin don tsaraba.

Tafiyar ta haura nisan ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya kimanin kilomita 80 ne. Da kun fita daga gine-ginen gari, azahar da la'asar da isha sun koma raka'a biyu-biyu, muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. In kun bi limamin gari kuwa sai ku cika tare da shi. Limamin ayari ya zauna da malaminsa kafin tafiya ya tabbatar da waɗannan hukunce-hukuncen.

A Cape Coast ku nufi Kotokuraba. Nan kasuwa take, nan jama'armu suke, za ku ji Hausa, ku sami masallaci da waake da tuwo. Ku gaida dattawan da ke ƙofar masallaci, ku faɗi daga inda kuke. Su za su nuna muku masauki mai mutunci da arha, yadda mai gida ke yi wa fatake a da.

Da yamma ku shiga ganuwar Cape Coast, inda Turawa suka tsare bayi kafin a fita da su ta teku. Turawan Suwidin ne suka fara gini a wurin a 1653, daga baya ya koma hannun Ingila. Ku nuna katin Gana, kuɗin ɗan ƙasa daban yake da na baƙo. Mai zagayawa da ku zai sauka da ku kurkukun maza, ya kashe fitila na ɗan lokaci. Duhun yana da nauyi, iskar tana da wari har yau, kuma a saman wannan ramin ne aka yi wurin ibadar Turawan. Da yawa daga waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin su Salaga. Mu biyar muka fito ba mai magana, muka tsaya a kan katanga muka yi musu addu'a. Ina roƙonku kada ku mai da wurin nan fagen ɗaukar hoto da dariya. In da sauran lokaci, Elmina na nan kusa, kilomita goma sha kaɗan. Turawan Fotugal suka gina ganuwarta a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, kuma a ciki aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar.

Rana ta biyu: shiga Busua

Motar Takoradi, awa biyu ko ƙasa da haka. A Beposo za ku haye kogin Pra, ku ga yadda haƙar zinariya ta bayan fage, wato galamse, ta mai da ruwansa kamar kunun kanwa. A Takoradi ku cire kuɗi, ku sayi burodi da jakar fiya wata, ku nemi motar Agona Nkwanta. Daga Agona tasi na haɗaka zai gangara da ku Busua cikin 'yan mintoci. Ku yi ƙoƙari ku isa kafin la'asar, don a nan magariba wajen ƙarfe shida take duk shekara, kuma duhu ba ya jira.

Busua ƙaramin gari ne na ƙabilar Ahanta, titi ɗaya ne ƙashin bayansa, gidajen baƙi sun jeru a bakin yashi, ga wani ɗan tsibiri mai suna Abokwa yana kallon garin daga cikin ruwa. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ku, nan ne gidan sarautar Ahanta. Sarkinsu Badu Bonsu na biyu ya yi faɗa da Turawan Holan, suka kashe shi a 1838 suka tafi da kansa, sai a 2009 aka dawo da shi Gana. Mutanen da ke da irin wannan tarihi a gaishe su da ladabi.

Ɗakunan da ke fuskantar teku sun fi tsada. Ku tsallaka titi ku shiga cikin gari, tafiyar minti uku ce zuwa ruwa, kuɗin kuma ya ragu sosai. Mutum biyu su je duba ɗaki, sauran su tsare kaya. Ku buɗe famfo ku ga ruwa na zuwa, ku kunna fanka, ku ɗaga katifa ku duba kuɗin cizo a ɗinkinta, ku gwada sakata, ku duba ragar taga. Ku tambayi mutum nawa aka yarda su kwana, me ake yi in an ɗauke wuta, kuma akwai mashaya a jikin ginin ko babu, don mai kiɗa har ƙarfe biyun dare zai raba ku da asuba. Ku faɗi kwana nawa za ku yi kafin ku nemi ragi, ku biya na dare ɗaya tukuna.

Teku

Nan ne nake so ku ba ni kunnuwanku duka. Busua tana cikin wuraren da suka fi sauƙin wanka a gaɓar Gana, shi ya sa ake koyar da hawan igiyar ruwa da allo a can. Amma sauƙin teku ba irin na kwatami ba ne. Yawancin 'yan zango ba mu iya iyo ba, kuma kunya tana hana mu faɗa. Daren farko madugu ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi gaskiya. Wanda bai iya ba, iyakarsa gwiwa. Wanda ya iya, iyakarsa ƙirji.

Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, ku je wurin masunta ko samarin da ke koyar da allo, ku gaishe su, ku tambaya ina ake shiga yau, ina ba a shiga. Yau nake cewa, don yashin ƙasan ruwa yana sauya wuri. Sannan ku zauna minti goma kuna kallo kawai. Abin da kuke nema shi ne hanyar da ruwa ke bi ya koma ciki. Igiyoyi suna turo ruwa gaɓa, ruwan nan dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa kwari ya bi da gudu kamar rafi. Alamarsa ita ce ke yaudarar baƙo: wuri ne da igiya ba ta fashewa, ya yi lumui, launinsa ya fi duhu, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Inda ido ya ce maka nan ne lafiya, nan ne ramin. An fi samunsa kusa da duwatsu da bakin kogi.

Ƙaraminmu ya faɗa irinsa a rana ta uku. Ruwa iya ƙugunsa yake, yana ɗaga mana hannu, sai muka ga ya yi nisan da ba shi ya kai kansa ba. Ya juyo yana dukan ruwa yana son fitowa ta inda ya shiga, ƙarfinsa na ƙarewa, ruwan na ƙara jansa. Biyu daga cikinmu suka zabura za su faɗa, madugu ya riƙe musu riga ya daka tsawa, suka tsaya. Wani saurayi ɗan garin ya ruga da allonsa, ya shiga ta cikin kwarin nan da kansa, ya ɗora shi, ya yi gefe da shi, igiya ta turo su waje. Duka bai fi minti huɗu ba. Yaron ya kwanta a yashi yana aman ruwan gishiri, leɓɓansa sun yi fari, hannunsa na rawa a cikin nawa. Da waɗancan biyun sun shiga, da mutum uku za a nema.

Saboda haka ku haddace wannan tun a gida. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta rigingine ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu ɗaya, ka yi kira. Jan yana da iyaka, kuma faɗinsa ba shi da yawa. In ka iya iyo, ka yi gefe, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa, sannan ka nufo tudu. Ku da ke waje, wanda bai ƙware ba kada ya shiga ceto. Ku yi ihu, ku kira 'yan gari, ku jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko da jarkar nan ce mai ruwan ɗorawa da muke kira galan Kufuor, a rufe bakinta. Lambar gaggawa 112 ce. Wanda ya shaƙi ruwa a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, don wahalar numfashi takan biyo baya.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Kullum mutum ɗaya yana tudu, idonsa a kan masu wanka, ba a kan waya ba. Ba wanka bayan magariba. Ba turereniya, ba jan wanda ke tsoro. In kuna son allo, ku biya a koya muku awa ɗaya, kuɗin ya cancanta, kuma ranar da ka fara miƙewa a kansa ko na daƙiƙa uku ne ba za ka manta ba.

Ci da salla

Kifi ne rufin asirin Musulmi a bakin teku. Miyar gidan abinci kuwa sai an tambaya, don akan haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya, har da ƙafar alade da naman daji. Ka tambaya a fili, cikin fara'a, ba mai jin haushi.

Da safe ku je inda jirage ke fitowa. In kun tarar ana jan taru, ku ajiye silifas ku kama igiya, ana waƙa ana ja da baya, tafin hannu zai yi zafi. Ciniki da matan da ke karɓar kifin ake yi, su ke da farashi. Sabon kifi idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, in ka danna tsokar ta dawo. Ku kai wa mai gashi ku biya ta ladan wuta, ku ci da dokunu da shito da albasa. Ku tuna ranar Talata masunta ba sa fita a mafi yawan gaɓar nan, don haka kifin Talata a saye shi ran Litinin ko a ci gari da gyaɗa. Ruwan sha na leda ko na kwalba kawai, sai ruwan kwakwa da aka sare a gabanka.

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Alƙibla daga nan gabas ce da ɗan karkata arewa: in ka sa teku a hannun damanka ka kusa daidai, sai ka gyara da manhajar waya. Ku nemi wuri mai tsabta sama da inda ruwa ke kaiwa, nesa da bayan jirage. Sallar asuba a kan yashi mai sanyi, liman na karatu igiya na amsawa, fitilun masunta na yawo can cikin duhu, ita ce abin da na fi tunawa a tafiyar duka.

Da dare za a yi muku tayin giya da wiwi, wani lokaci da naci. A ce an gode a wuce. Ku hura gawayi ku ɗora ataya a ƙofar masauki. Mu a dare na biyu wani dattijo masunci ya zauna da mu, muka ba shi kofin farko, muna kiransa Egya yadda ake kiran uba a can. Shi ya nuna mana inda za mu sayi kifi, washegari kuma ya haɗa mu da ɗansa ya raka mu Butre. Kafin ku ɗauki hoton mutum, ko jirginsa, ko wurin tsafin gari, ku nemi izini. Sharar da kuka tara ku ƙulla ta ku fita da ita.

Tattaki biyu

Dixcove tana yamma, tafiyar kamar rabin awa ta kan tudu. Gari ne na manyan jirage masu kamo tuna, ga ganuwar Metal Cross da Ingilishi suka gina a shekarun 1690 tana kallon mashigin. Butre tana gabas, ta fi nisa: ku bi yashi har ƙarshensa, ku hau dutse cikin kurmi, ku gangara. A can akwai gadar katako a bakin kogi, da kangon ganuwar Batenstein ta Holan, ta 1656, a kan tsauni. Hawan yana da wuya, amma daga sama za ka ga kogi da teku da rufin garin gaba ɗaya. Duka hanyoyin biyu ku bi su da safe, ku duka tare, da ɗan gari a gaba, ku sallame shi da abin kirki. Manyan kuɗi da katuna su zauna a masauki a kulle, waya ɗaya ta isa. In Juma'a ta same ku a can, ku fito da wuri ku nemi masallaci a Agona Nkwanta ko Takoradi.

Komawa

Daren ƙarshe ku biya duk bashin da ke kanku, ku sallami mai masauki da maƙwabta, ku shanya kayan da suka jiƙe. Bayan asuba ku kama hanya, don Busua zuwa Accra yini ne, kuma hanyar nan ba ta tafiyar dare ba ce. A Takoradi madugu ya yage ambulan, ku shiga babbar bas mai zuwa Accra kai tsaye. In direba na gudun da ya wuce hankali, ku yi magana ku duka, da murya ɗaya. Tsarabar Mma busasshen kifi ne da dokunun Yamoransa da abarba, in motar ta tsaya.

Kun isa gida, ma'aji ya karanta lissafin ƙarshe a majalisa, a raba ragowar daidai har kan sulalla. Ku wanke jaka da ruwan famfo, ku goga ɗan man kaɗanya a zif, in ba haka ba gishiri zai cinye shi kafin tafiya ta gaba. Duk wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon kai cikin mako biyu da dawowa, ya je a gwada jininsa a ranar, ya gaya wa likita inda ya kwana.